Matsalolin Saitin Kai-da-kai a Kyamarar Dijital da Hanyoyin Magance Su

Gabatarwa

Ɗalibin da ya fita bincike a kan al'adu ko tsofaffin rubuce-rubucen ajami ba ya rabuwa da kyamara. Sau da yawa kuwa dama ɗaya tak yake samu, domin hawan salla ba ya jiran mai hoto, mai kundi kuma ba kullum yake yarda ya fito da kundinsa ba. Idan hoto ya fito dishi-dishi, an yi asarar hujja ke nan. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda kyamara take saita ganinta da kanta, ta kuma nuna cewa galibin matsalolin saiti ba lalacewar kyamara ba ce, rashin sanin abin da take bukata ne kafin ta gani.

Yadda Kyamara Take Saiti

Saiti shi ne matsar da gilasan da ke cikin idon kyamara gaba ko baya, har abin da ake son ɗauka ya fito tar. Da can da hannu ake yin wannan aiki. A shekarar 1977 ne kamfanin Konica na ƙasar Japan ya shigo kasuwa da C35 AF mai saita kanta, sa'an nan a 1985 Minolta ya fito da 7000, wadda ta yaɗa dabarar a manyan kyamarori.

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Ta farko, kyamara takan raba hasken da ya shigo ta gefuna biyu na gilashi, ta gwama su. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke gaya mata inda za ta matsar da gilashin, da kuma iyakar matsarwar. Ta biyu, takan yi ta matsar da gilashin tana lura da bambancin fari da baƙi, har ta tsaya inda bambancin ya fi ƙarfi. Duka hanyoyin nan biyu suna bukatar abu biyu, watau isasshen haske, da wani layi ko gefe da ya bambanta da abin da ke kewaye da shi.

Idan Gilashi Bai Motsa Ba

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne ɗan makunnin da ke jikin gilashi ko jikin kyamara, mai alamar AF da MF. In yana kan MF, to, an umarci kyamara ta bar wa hannu saitin, kuma sau da yawa a cikin jaka yakan goce. In ba nan matsalar take ba, sai a kashe kyamarar, a cire gilashin, a duba 'yan ƙarafan nan masu ruwan zinariya da ke gindinsa, domin ta nan ne kyamara ke aika wa gilashi umarni. Ƙura ko maiƙo kan yanke wannan sadarwa. A goge su da busasshen ƙyalle mai laushi, a mayar da gilashin har a ji ya kulle. Raunin batir ma yakan jawo wannan.

Idan Gilashi Yana Kai da Komowa

Wani lokaci gilashi yakan yi ta kai da komowa bai tsaya ba. Wannan alama ce ta cewa kyamara ta rasa abin kamawa. Haka takan faru a cikin zaure mai duhu, ko idan an auna farin bango, ko farar riga marar aiki, ko kuwa a ranar da hazon hunturu ya dusashe komai. Magani shi ne a auna wani gefe da ya fito sosai, alal misali aikin wuyan riga ko bakin hula, a danna maɓallin ɗauka rabi domin saitin ya tsaya, sa'an nan a gyara tsayuwar hoton a ƙarasa dannawa.

Haka kuma kowane gilashi yana da iyakar kusancin da zai iya saiti. Gilashin 18-55 da aka saba sayarwa tare da kyamara ba ya saita abin da bai kai nisan santimita 25 ko kusa da haka ba. Mai ɗaukar shafin ajami yakan matso ƙwarai don ya kama wasulla, sai kyamara ta ƙi ɗauka. Ja da baya kaɗan ya wadatar.

Idan Saiti Ya Faɗa Wani Wuri

Idan aka bar wa kyamara zaɓi, ta fi kama abin da ya fi kusa da ita. Ta haka ne kan ɗan kallo zai fito tar, mawaƙin da aka je dominsa ya fito dishi-dishi. Ya kamata a zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya, a ɗora shi a kan idon wanda ake ɗauka. Bugu da ƙari, akwai saitin abin da ke tsaye, wanda Nikon ke kira AF-S, Canon kuma One-Shot, akwai kuma na abin da ke motsi, watau AF-C ko Servo. Dokin da ke sukuwa ko ɗan damben da ke zagaya fage sai da na biyun.

A kyamarori masu madubi a ciki, na'urar saiti dabam take da faifan da ke karɓar hoto. In aka sami ɗan saɓani tsakaninsu, saiti zai riƙa faɗawa gaba ko bayan inda aka auna a kowane hoto. Ana gane wannan ta hanyar jingina rula a karkace, a auna lamba ɗaya, a ga wadda ta fi fitowa. Yawancin manyan kyamarori suna da wurin gyara wannan a cikin jerin umarninsu.

Abin da Ba Laifin Saiti Ba Ne

Idan babu ko wuri ɗaya da ya fito tar a hoton, to, galibi rawar hannu ce. Ƙa'idar masu hoto ita ce, da gilashin milimita 200 kada saurin ɗauka ya gaza kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa, in ba haka ba sai a kafa kyamara a kan mariƙinta mai ƙafa uku. Idan kuwa hoton ya fito lafiya amma tagar leƙe ce ke nuna dishi-dishi, ɗan gargaren da ke gefenta ne ya juya, sai a murza shi ya dace da idon mai ɗauka.

Kammalawa

A taƙaice, bin matakan nan daki-daki, daga makunni zuwa haske, zuwa nisa, zuwa ɗigon saiti, shi ne zai nuna inda gizo ke saƙa. Sai an gwada wani gilashi dabam an ga matsalar ba ta kau ba, ko kuwa an ji gilashin yana ƙara kamar yashi ya shiga cikinsa, sa'an nan ya kamata a nufi wurin mai gyara. Mai bincike kuwa ya dace ya faɗaɗa hotonsa a allon kyamara ya duba shi da kyau tun bai bar wurin ba.