Tagar da Aka Huda a Kwamfuta Ba Ta San Nauyin Bulo Ba

A manhajojin zanen 3D, bango akwati ne kawai mai tsayi da faɗi da kauri. Mai zane yakan shimfiɗa fasalin gidan a ƙasa, ya ja layi biyu a jere da tazarar kaurin bangon, sannan ya ɗaga shi sama zuwa kusan mita 3. A SketchUp, wadda Google ta saya a 2006 ta kuma sayar wa Trimble a 2012, ana yin wannan da Push/Pull. A Blender, wadda Ton Roosendaal ɗan ƙasar Holan ya ƙirƙira, aka kuma sake ta kyauta a 2002, sunan aikin Extrude.

Huda taga ma ba wani abu ba ne. A SketchUp ana zana kusurwa huɗu a jikin bango, a tura ta har ta ɓulla ta ɗaya gefen. A Blender akan ƙera wani akwati daidai girman tagar, a cusa shi cikin bangon, a sa Boolean ta cire gurbinsa. Revit da ArchiCAD kuwa, da an ɗora taga su huda bangon da kansu, in an matsar da ita ramin ya bi ta.

Wannan sauƙin ne ya jawo wani mugun zato da ya yaɗu tsakanin masu gina gidaje, wai duk abin da ya tsaya a kwamfuta zai tsaya a ƙasa. Sam ba haka ba ne. Blender da SketchUp siffa suke zanawa, ba sa lissafin nauyi. Ana iya huda taga mai faɗin mita 5 a bangon bene, a cire fila daga kusurwa, a bar dakin yana lilo a iska, manhaja ba za ta ce uffan ba, hoton ma ya ƙara kyau. A wurin gini kuwa, duk bulon da ke saman taga, da jinka ko dakin da ke bisansa, suna neman inda za su sauke nauyinsu. Aikin linta ke nan, wato kankare da rodi da ake zubawa a kan ramin domin nauyin ya koma gefe da gefe. Girmanta da yawan rodinta sun dogara ga faɗin ramin da abin da ke samansa, kuma injiniyan gini ne ke lissafa su.

Amma abin takaici, sai mai gida ya isa fili da wayarsa, ya miƙa wa birkila hoton da wani yaro ya haɗa masa a dare ɗaya, ya ce haka yake so. Birkila ya leƙa, ya ga gilashi daga ƙasa har sama, ya ce, "Ba matsala, Alhaji." Shi ke nan, an gama shawara. Bayan damina ɗaya ko biyu tsaga ta fito daga kusurwar tagar ta haura a karkace, ƙyauren ya daina rufuwa, a kama zargin siminti. Wasu kuma tagogin Turai suke kwasowa daga intanet su jera su ta yamma, a garin da rana ke dafa mutum.

Gyaran daga kan tebur yake farawa. Kafin a ja layin farko a saita ma'auni zuwa milimita, a ba bango kaurinsa na gaskiya: 225 ga bulo mai inci tara, 150 ga mai inci shida, a tuna da filasta. Bangon da aka zana falle ɗaya kamar takarda yaudara ce, domin yana nuna ɗaki ya fi yadda zai fito girma. Tagar ɗaki galibi tana farawa kusan milimita 900 daga daɓe, samanta ya daidaita da na ƙofa a 2100, yadda linta ɗaya za ta iya zagaye ginin. A bar bango mai ƙwari tsakanin taga da kusurwa, da tsakanin taga da taga. Tsawon bulo 450 ne, wanda ya yi la'akari da shi ya rage wa birkila sare-sare. Ita ma lintar a zana ta a matsayin abu mai zaman kansa, ta hau bango aƙalla milimita 150 ta kowane gefe, domin abin da ba a gani a zane da wuya a sa shi cikin lissafin kuɗi.

Mai aiki da Boolean ya tabbata akwatin yankan ya zarce bangon ciki da waje, in ba haka ba wata siririyar fata za ta rage ta toshe ramin. Ya kuma ajiye kwafin bangon kafin ya tabbatar da yankan, saboda mai gida ba ya rasa canza ra'ayi. Daga nan a kai aikin ga mai zanen gine-gine da injiniya masu rajista, a Nijeriya rajista da hukumomin ARCON da COREN, su fitar da zane mai awo da sa hannu. Shi hukumar tsara birane ke dubawa kafin ta ba da izinin gini, kuma daga jadawalin tagoginsa mai walda da mai alminiyom za su ɗauki awo.