TUƘIN KAYAK A BAKIN TEKU: JAMA'A, JAGORA DA AMANA

A ƙasar Birtaniya akwai ƙungiyoyin mutane waɗanda sukan taru ranar hutu su shiga teku cikin ƙananan kwale-kwale, kowa da nasa, su bi gefen gaɓa suna tuƙi tun hantsi har la'asar. Sunan wannan kwale-kwale kayak. Tsawonsa wajen mita 5 ne, faɗinsa kuwa bai wuce rabin mita da kaɗan ba, kuma a rufe yake ta sama in banda ramin da matuƙi yake zama. Ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Nufinmu a wannan mako shi ne mu bayyana abin da ya sa masu hankalinsu ba sa fita sai cikin jama'a, da kuma sharuɗɗan da in babu su taruwar ba ta da amfani.

Asalin kayak na mutanen Inuwit ne, mazauna Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, waɗanda suke ɗinka shi da fatar dabbobin ruwa a kan ƙirar itace domin farauta. Turawa ne suka mai da shi abin shaƙatawa. Wani mutum mai suna John MacGregor ya zaga kogunan Turai a 1865 cikin ɗan jirginsa, sa'an nan ya kafa ƙungiyar matuƙa a Ingila a 1866. A 1936 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar matuƙa ta Birtaniya, wadda tun 2024 ake kiranta Paddle UK, kuma ita ce take tsara jarrabawar masu jagoranci a ruwa.

To, me ya sa ake son jama'a? Dalili shi ne kayak yana kifewa, kuma wanda ya faɗa ruwa da wuya ya koma cikin jirginsa shi kaɗai idan igiyar ruwa ta tashi. Amma idan akwai abokin tafiya, sai ya jawo jirgin da ya kife, ya ɗaga gabansa ruwan ya zube, ya riƙe shi gam har mai shi ya hau. Saboda haka tsohuwar ƙa'idarsu ita ce kada a fita ƙasa da mutum uku: in ɗaya ya sami matsala, na biyu ya tsaya tare da shi, na uku ya nemo taimako.

Sai dai yawan mutane kaɗai ba ya tsare rai. Akwai sharuɗɗa guda huɗu.

Na farko shi ne sanin cikowar teku da janyewarsa, abin da Larabawa suke kira maddu da jazru. Tsakanin cikowa da wata cikowa akwai kimanin sa'a 12 da minti 25. A cikin sa'o'i shida na cikowa, rabin ruwan duka yakan shigo ne a sa'a ta uku da ta huɗu, kuma yawanci a lokacin ne gudunsa ya fi ƙarfi. Cikowar takan fi girma jim kaɗan bayan tsayuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu, don a lokacin ne jan wata da na rana suke haɗuwa. A wurare kamar tsibirin Anglesey na yankin Wels, ruwa yakan yi gudun da ya fi ƙarfin matuƙi, don haka jagora yakan tsara tafiya yadda ruwa zai kai su kuma ya komo da su.

Na biyu shi ne sanin iska. Wadda ta fi yaudara ita ce mai tasowa daga tudu zuwa teku, domin a bakin gaɓa ruwa yakan kwanta lumui, alhali kuwa tana tura jirgi can ciki inda igiya take da girma.

Na uku shi ne kayan aiki: rigar da take hana nutsewa, da tufafin da suke tsare ɗumin jiki, da murfin da ake ɗaurawa a ƙugu ya rufe bakin ramin don kada ruwa ya cika jirgi, da igiyar jan wanda ya gaji, da wutar neman agaji, da rediyon oba-oba wanda ake kiran masu tsaron gaɓa da shi a tasha ta 16.

Na huɗu shi ne a bar wani a tudu wanda ya san inda aka nufa da lokacin komowa, kuma ba zai yi nauyin baki ba idan lokacin ya wuce.

Abin da ya faru a gaɓar Lyme, a kudancin Ingila, ranar 22 ga Maris 1993, ya isa misali. Ɗalibai takwas daga wata makarantar birnin Plymouth, da malaminsu, da masu koyarwa biyu na wata cibiyar wasanni, suka tashi daga Lyme Regis za su Charmouth, tafiyar da ba ta wuce mil biyu ba. Ba su yi nisa ba jirgin malamin ya kife. Ɗaya daga cikin masu koyarwar ya tsaya taimakonsa, ɗayar kuma ta haɗa jiragen ɗaliban wuri guda, sai iska ta kwashe su zuwa cikin teku, ruwa ya cika jiragen, suka faɗa cikin ruwan da sanyinsa yake kashe gaɓoɓi. Ɗaliban ba su da murfin rami, babu wutar neman agaji, ba a kuma sanar da masu tsaron gaɓa da wuri ba, har aka yi sa'o'i kafin a fara nemansu. Ɗalibai huɗu suka rasu.

Mutum goma sha ɗaya ne suka fita, watau jama'a ta cika, amma ilimi da shiri ba su cika ba. A shari'ar da aka yi a 1994 ta bayyana cewa tun kafin aukuwar abin wasu tsofaffin ma'aikatan cibiyar sun rubuta takardar gargaɗi, ba a kula ba. Kotu ta ɗaure shugaban kamfanin shekara uku, ta ci kamfanin tarar fam 60,000 a kan laifin kisa ba da niyya ba. A 1995 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta wajabta wa cibiyoyin da suke karɓar kuɗi su kai yara irin waɗannan wasanni su mallaki lasisi.

Wannan ne ya sa a ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi, za ka tarar jagora yana tara mutane a bakin ruwa kafin a tashi. Yakan faɗa musu hanya da wuraren da za a iya fita idan yanayi ya sāke, ya sa gwani ɗaya a gaba ɗaya a baya, ya kuma ƙidaya kawuna a kowane zango. Tafiyar takan bi ƙarfin wanda ya fi kowa rauni, kuma ba a yarda wani ya yi nisan da ba zai ji kira ba. Sabon shiga kuwa sai ya koyi kifewa da fitowa a ruwa mai kwanciya tukuna.

Mafi nauyin aikin jagora shi ne ya iya cewa yau ba za a fita ba, ko da mutane sun yi doguwar tafiya sun sauke jiragensu, ko da za su yi gunaguni. Rayukan da suke bayansa amana ce a wuyansa, kuma tekun yana nan mako mai zuwa. Haka kuma wajibi ne a kan mabiyi ya faɗi gaskiyar iyawarsa da lafiyarsa tun a tudu, domin wanda ya ɓoye gajiyarsa don jin kunya ya jefa 'yan'uwansa cikin haɗari tare da shi.