Maganin Riga-kafin Farfaɗiya Yana Da Wa'adi

Akwai wata cuta da kan faɗa wa mutum farat ɗaya, ya ji ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba, wuyansa ya sanƙare, ya yi amai, wani ma ya suma. Sau da yawa mutanenmu kan ce iska ce ta buge shi. Alhali kuwa wata jijiyar jini ce ta kumbura ta fashe, jini ya malala tsakanin ƙwaƙwalwa da tantanin da ya lulluɓe ta. Faɗuwa daga babur ko bugun sanda a ka su ma sukan jawo haka.

A ƙasar Batsari da Safana ba a iya tabbatar da wannan cuta a ɗakin shan magani na ƙauye. Tilas sai an kai majinyaci babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, inda za a ɗauki hoton cikin kansa. Ga nisa, ga fargabar hanya a ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu. Saboda haka wanda aka sallama yakan daɗe bai koma ganin likita ba, sai dangi su yi ta saya masa magani a kemis da tsohuwar takarda. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani.

Jinin da ya zuba yakan tsokani ƙwaƙwalwa har mutum ya yi farfaɗiya, jijjigar kuwa tana iya sa jijiyar ta sāke fashewa. Domin haka likitoci suka saba ba da maganin riga-kafi tun farfaɗiyar ba ta zo ba. Wanda aka fi sani shi ne phenytoin, wanda aka fara aiki da shi a 1938.

To, amma bincike ya nuna amfaninsa yana da iyaka. A 1990 likitoci a birnin Siyatil na Amurka suka gwada shi ga mutum 404 masu mugun rauni a ka. Cikin makon farko, kusan 4 cikin 100 na waɗanda suka sha ne suka yi farfaɗiya, waɗanda ba su sha ba kuwa 14 cikin 100. Bayan makon nan bai ƙara tsare kowa ba. Sa'an nan a 2005 aka duba majinyata 527 a Niyok waɗanda jini ya zuba musu a kewayen ƙwaƙwalwa, aka tarar waɗanda suka fi shan phenytoin su suka fi samun naƙasa, kuma bayan wata 3 tunaninsu bai kai na sauran ba.

Akwai dalili. Daga wajen kwana 4 zuwa 14 jijiyoyin ƙwaƙwalwa sukan tsuke, har ɓarin jiki ya shanye. Maganin da ke rage wannan haɗari shi ne nimodipine, ana shansa kwana 21. Phenytoin kuwa yakan zaburar da hanta ta narkar da nimodipine da sauri, ƙarfinsa ya ragu. Ban da haka yakan kawo zazzaɓi da ƙuraje. A 2023 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta yi gargaɗi game da shi a wannan cuta, ta kuma bayyana cewa wanda dā ma ba shi da ciwon farfaɗiya, ko da ya yi ta a farkon wannan cuta, maganin da ya wuce kwana 7 ba ya ƙara masa kome. Yanzu likitoci da yawa sun koma ga wani magani, levetiracetam, shi ma na 'yan kwanaki.

Ku malaman makaranta da ma'aikatan ofis, ku ake kawo wa takardar asibiti ku karanta. Kafin a baro asibiti ku tambayi likita sunan kowane magani, da aikinsa, da ranar da za a daina shi, ku rubuta. Amma lalle kada kowa ya tsayar da magani da kansa, gama wanda ya riga ya yi farfaɗiya hukuncinsa dabam ne, yanke masa magani kwatsam yana iya tayar da ita fiye da dā. In kuwa majinyaci ya koma gida aka ga barci ya yi masa yawa, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya mutu, a mai da shi asibiti a ranar. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.