Sarafina: Yadda 'Yan Kallo Suka Karɓi Wasan Daɓen Da Ya Koma Fim

A ranar 16 ga watan Yunin 1976, dubban ɗalibai suka cika titunan Soweto, unguwar baƙar fata da ke gefen birnin Johannesburg a Afirka ta Kudu. Sun fito ne don nuna ƙin amincewarsu da dokar da ta tilasta a riƙa koya musu wasu darussa da harshen Afrikaans, harshen da suke wa kallon na masu danne su. 'Yan sanda suka buɗe musu wuta. Cikin waɗanda suka fara faɗuwa har da Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12. Hoton da Sam Nzima ya ɗauka, na wani saurayi rungume da yaron yana gudu, yayarsa na biye a gefe cikin kiɗima, ya zagaya duniya. Boren ya bazu zuwa wasu garuruwa, ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu.

Bayan shekara 11, marubuci kuma mawaƙi Mbongeni Ngema ya ɗauki gwagwarmayar waɗannan yara ya shirya wasan daɓe mai waƙa da rawa, ya sa masa suna Sarafina. Shahararren mabushin nan Hugh Masekela ya taya shi tsara kiɗan. A 1992 kuma wasan ya koma fim. Labari ɗaya ne, jaruma ɗaya ce, yawancin waƙoƙin ma su ne dai, amma karɓar da aka yi wa wasan da wadda aka yi wa fim ɗin sun sha bamban. Duk mai son fahimtar abin da ke faruwa idan aka cire wasa daga daɓe aka sa shi gaban kyamara, to Sarafina ta ishe shi darasi.

An fara nuna wasan a gidan wasan Market Theatre da ke Johannesburg a 1987, lokacin ƙasar na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, Nelson Mandela na kurkuku, ƙungiyar ANC kuma haramtacciya ce. Ngema ya tattaro matasa waɗanda yawancinsu ba su da wani suna a harkar wasa, ya horar da su wata da watanni. Leleti Khumalo, wadda ta fito a matsayin Sarafina, 'yar unguwar KwaMashu ce a Durban, shekarunta 17 a lokacin. An gina labarin a kan ɗaliban makarantar sakandaren Morris Isaacson ta Soweto, ɗaya daga cikin makarantun da boren 1976 ya taso. A ƙarshen wasan ɗaliban sukan shirya bikin makaranta, inda Sarafina take kwaikwayon Mandela a ranar da za a sake shi. A wancan lokaci ba wanda ya san ko ranar za ta zo.

Daga nan wasan ya haye teku zuwa New York. A watan Janairun 1988 ya shiga Broadway, cibiyar wasannin daɓe ta Amurka, aka nuna shi sau 597, ya kuma shiga takarar lambar yabo ta Tony a rukuni biyar, ciki har da na Leleti Khumalo. Abin da ya kama zukatan 'yan kallon Amurka a fili yake. Yaran da ke tsalle suna waƙa a gabansu ganau ne ba jiyau ba. Sun shaƙi barkonon tsohuwa, sun san motocin sulke a bakin makaranta, kuma idan wasa ya ƙare can ɗin za su koma. Mai kallo ya san da haka, don haka tafin da yake yi ya wuce yaba wa murya, goyon baya ne ga mutanen da yake gani da idonsa.

A nan ne bambancin daɓe da fim yake. Wanda ya taɓa kallon dambe a fili, kalangu na dukan ƙirjinsa, ƙura na tashi, jama'a na ihu a kunnensa, ya san ba ɗaya yake da wanda ya kalla a talabijin ba, ko da kuwa na talabijin ya fi shi ganin inda naushi ya sauka. A daɓe, ɗan wasa da ɗan kallo iska ɗaya suke shaƙa. Akwai kuma wata yarjejeniya a tsakaninsu da ba a furtawa: an ɗauka cewa ɗan shingen waya shi ne Soweto, benci biyu su ne aji, kuma idan baƙin ciki ya yi yawa mutum zai iya ɓarkewa da waƙa. Tazarar da ke tsakanin kujera da daɓe ita ke ba zuciya damar cike gurbin abin da ido bai gani ba. Ita kuwa kyamara tana kawo fuska kusa, tana nuna titi na gaske da jini mai kama da na gaske. Da zarar ido ya saba da wannan, sai ya fara tambayar abin da da bai tambaya ba.

Misalai biyu daga hannun darakta ɗaya, Tom Hooper na Ingila, sun nuna yadda wannan kusanci yake iya zama alheri ko musiba. A fim ɗin Les Misérables na 2012, ya sa 'yan wasa su rera waƙoƙinsu kai-tsaye lokacin ɗauka, maimakon bin muryar da aka riga aka naɗa. Kyamara ta tsaya a kan fuskar Anne Hathaway tana waƙa tana kuka, abin ya ratsa jama'a, har ta ci lambar Oscar. A 2019 kuma ya ɗauko Cats, wasan Andrew Lloyd Webber da aka shekara 21 ana nunawa a Landan. A daɓe, mutane ne sanye da kayan kyanwa, kowa ya yarda. A fim aka yi amfani da kwamfuta aka liƙa musu gashin kyanwa a jiki, ga fuska da hannaye na mutum, sai abin ya zama abin ƙyama ga masu kallo. Kamfanin da ya fitar da fim ɗin ya aika wa gidajen silima gyararren kwafi bayan fim ya riga ya fita, amma bakin alƙalami ya bushe, aka tafka asara.

Lokacin da Anant Singh ya ɗauki nauyin mayar da Sarafina fim, Darrell Roodt ya ba da umarni, duniya ta riga ta juya. An saki Mandela a ranar 11 ga Fabrairun 1990. Mawaƙiya Miriam Makeba, wadda ta shafe shekara 30 tana gudun hijira, ta dawo gida, har ta fito a fim ɗin a matsayin mahaifiyar Sarafina. An kawo Whoopi Goldberg daga Amurka, wadda ba ta daɗe da cin Oscar ba, ta zama malama Mary Masombuka, mai koya wa yara tarihin da babu shi a manhajar gwamnati. John Kani ya fito a shugaban makaranta, shi kuma Ngema ya ɗauki matsayin Sabela, ɗan sanda baƙar fata mai yi wa gwamnatin wariya aiki. An yi ɗaukar a cikin Soweto kanta.

Kyamara ta kai mai kallo wuraren da daɓe ba zai iya kai shi ba. Ta shiga gidan Turawan da mahaifiyar Sarafina ke aikatau, gida mai faɗi da tsabta, inda uwa ke renon 'ya'yan wasu alhali nata na can cikin ƙunci. 'Yar ta zo da zafin ƙuruciya tana ganin kamar uwarta ta miƙa wuya, uwar kuma ta san da wannan aikatau ake sa tukunya a wuta. Kyamarar ta shiga ɗakunan da ake azabtar da yara bayan an kama su. Ta kuma tsaya a wurin da ɗalibai suka rutsa Sabela, suka zuba masa fetur suka cinna masa wuta, Sarafina na cikinsu. Wannan wuri shi ne mafi nauyi a fim ɗin, domin ya nuna yadda zalunci yake lalata har wanda aka zalunta, ya mayar da yaron makaranta mai kisa.

An nuna fim ɗin a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1992, jama'a suka miƙe tsaye suna tafi. Amma da ya shiga gidajen silima a Amurka, ra'ayi ya rabu. Wasu masu sharhi sun ce fim ɗin ya kasa zaɓar hanya ɗaya: yanzu ana rawa cikin kayan makaranta, an jima ana harbi da azabtarwa, sai kuma a koma waƙa. A ganinsu kiɗa mai daɗi yana rage wa bala'i nauyi. Wasu kuma sun ga cewa fitacciyar fuskar Goldberg ta janye hankali daga yaran da labarin yake nasu. Akwai kuma batun lokaci. Ga wanda yake nesa, tunda an saki Mandela ai magana ta ƙare. Ga na cikin gida kuwa wuta ba ta mutu ba. A watan Yunin 1992 aka kashe sama da mutum 40 a Boipatong, zaɓen da kowa ya jefa ƙuri'a kuma bai zo ba sai a watan Afrilun 1994.

Ina ganin masu wannan suka sun faɗi wani abu na gaskiya game da fasahar fim, amma sun kuskure wa Afirka ta Kudu. A can, waƙa tana cikin gwagwarmayar tun asali. Da waƙa ake fita zanga-zanga, da rawar toyi-toyi ake tunkarar 'yan sanda, da waƙa ake raka gawar wanda aka harbe zuwa kabari, jana'izar kuma ta rikiɗe ta zama taron siyasa. Fursunoni ma sun yi waƙa a kurkuku. Saboda haka idan ɗan Soweto ya ga yara sun tashi daga kuka sun shiga waƙa, rayuwarsa yake gani. Wanda ya saba da cewa waƙa a fim ta soyayya ce da nishaɗi, shi ne zai ji wani iri.

Shi ya sa a sauran ƙasashen Afirka fim ɗin ya sami gida. Ya shiga ɗakunan jama'a ta kaset ɗin bidiyo da talabijin, ya kai ga miliyoyin da ba za su taɓa taka Market Theatre ko Broadway ba. A Najeriya ya tarar da mutanen da suka daɗe da sa batun wariyar launin fata a ransu, ƙasar da ma'aikatanta suka ba da gudummawa daga albashinsu don taimakon 'yan gwagwarmayar kudancin Afirka. Mai kallo Bahaushe kuma, wanda ya tashi da finafinan Indiya, bai ga wani abin mamaki ba don labari ya tsaya an yi waƙa. Tambayar da yake yi ita ce ko waƙar ta taɓa zuciya, ko kuwa cusa ta aka yi.

'Yan kallo ba sa shiga silima hannu rabbana. Kowa da abin da ya taho da shi: tarihinsa, abin da kunnensa ya saba ji, da abin da yake tsammani. An ga haka a 2024 da fim ɗin Wicked, wanda shi ma daga wasan daɓe aka ɗauko shi, ya fito a Amurka. Masoyan wasan daɓen, waɗanda suka haddace waƙoƙinsa, suka riƙa bin waƙa a cikin silima, waɗanda suka zo kallon fim kawai suka yi ta ƙorafi. Kamfanin gidajen silima na AMC ya roƙi jama'a su yi shiru, daga baya aka ware lokuta na musamman ga masu son rerawa. Mutane iri biyu ne a ɗaki ɗaya, kowannensu da abin da ya biya kuɗi ya samu.

Miriam Makeba ta rasu tun 2008, Hugh Masekela a 2018, Mbongeni Ngema kuma a haɗarin mota a watan Disambar 2023. A shekarar 2023 ɗin ne kuma aka sake nuna fim ɗin Sarafina a Cannes cikin jerin tsofaffin finafinan da ake girmamawa. Ranar 16 ga Yuni ta zama Ranar Matasa a Afirka ta Kudu, kuma tun 1991 Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta ayyana ta a matsayin Ranar Yaran Afirka. Matasa da yawa da aka haifa bayan faɗuwar mulkin wariya ta hanyar wannan fim suka fara sanin abin da iyayensu suka sha. Zafin da 'yan kallon 1987 suka ji ya tafi tare da waɗannan darare, ba mai iya dawo da shi. Fim ɗin bai kai wannan zafi ba, amma ya tsare labarin ga waɗanda ba su zo duniya ba a lokacin, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai abin ɗauka a nan ga masu shirya finafinanmu, tunda mu ma muhawarar waƙa a fim ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Idan kiɗa ya canja, dole rawa ta canja. Abin da ya yi armashi a gaban taro ba lallai ya yi a gaban kyamara ba, sai an sake tunani a kan kowace fitowa da kowace waƙa. Waƙoƙin Sarafina sun rayu fiye da shekara 30 saboda daga cikin labarin suka fito, kuma mutanen da aka yi labarin a kansu sun ji muryarsu a ciki. Darakta da ke shirin sa waƙa a fim ɗinsa ya fara tambayar kansa ko mutanen labarin nasa za su rera ta da kansu a irin wannan hali. Idan amsar e ce, 'yan kallo za su karɓe ta ko da masu sharhi sun yi gunaguni. Idan a'a ce, gara ya bar ta.