Kafin Yaro Ya Iya Iyo, Wa Ke Dubansa?

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya rufe tsibirai da ƙauyuka, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka sāke musu matsuguni. Duk da haka jama'ar Yauri, Ngaski da Shanga ba su rabu da bakin ruwa ba. A nan Sarkawa ke kamun kifi, Gungawa ke noman albasa da shinkafa, a nan mata ke wanki da goyo a baya. Ruwan ne hanyar kasuwa, shi ne kuma abinci.

Ba mu manta da ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, sa'ad da jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Warra a ƙasar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai kuwa ashirin ne da 'yan kai. Duniya duka ta ji. Amma akwai wata mutuwar da rediyo ba ya faɗa: yaro ɗan shekara biyu da ya bi agwagwa zuwa gaɓa, uwa tana tsammani yana wurin yayarsa, yayar tana tsammani yana wurin uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwa ya ci mutane wajen 300,000 a 2021, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

'Yan'uwa da yawa sun ga hotunan bidiyo daga Amurka a waya, inda ake saka jariri cikin ruwa ya juya rigingine yana shawagi, suna tambaya ko mu ma za mu koya wa namu. Mu dai ba mu ba da wannan shawara ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da kanta ta ce babu shaidar cewa irin wannan koyarwa tana hana jariri ɗan ƙasa da shekara ɗaya nutsewa. Ban da haka, ruwan da ake koyarwa a ciki ginanne ne, garau, mai ɗumi, malami yana tsaye a gefe. Kwara fa? Ga ƙarfin gudu, ga laka, ga kututturan itatuwa da tafki ya rufe, ga tsargiya. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne uwa ta saki jiki, ta ce ai ɗana ya iya.

Darasin da ya fi kama da namu daga Bangaladash ya fito, ƙasar koguna da talakawa. Da suka bincika, sai suka tarar yawancin ƙananan yara suna nutsewa ne dab da gida, tsakanin hantsi da azahar, lokacin da aiki ya sha kan iyaye mata. Sai suka kafa ɗakunan reno da ake kira Anchal: mace ɗaya da mataimakiyarta suna riƙe yaran unguwa daga ƙarfe 9 zuwa 1. Manyan yara kuma aka kewaye musu wuri marar zurfi da gora, aka koya musu iyo. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar hanyoyin nan biyu: reno ga 'yan ƙasa da shekara shida, koyon iyo daga shida zuwa sama.

Wannan ba ya fi ƙarfinmu. Majami'unmu a rufe suke yawancin safiyar mako, zumuntar mata kuwa ta san yadda ake raba aiki bi da bi. Malaman iyo ma ba sai an ɗauko daga Birnin Kebbi ba. Wanda ya taɓa kallon bikin Rigata a Yauri ya san gwanaye suna nan. Sai dai gwani ya koyar da abin da ke ceton rai tukuna: yaro ya kwanta rigingine ya huta a kan ruwa, ya juya, ya kama gaɓa. Ya kuma koyi kada ya faɗa ruwa don ɗan'uwansa, sai ya yi ihu, ya miƙa sanda, ko ya jefa jarka da aka toshe bakinta.

A gida, a rufe rijiya da randa, a kifar da baho bayan wanka, gama ruwan bokiti ma ya isa. Mu sani kuma yaro mai nutsewa ba ya kuka. Shiru yake tafiya. In an tsamo shi, kada a ɗaga shi ƙafa sama ko a danne masa ciki kamar yadda aka saba. A kwantar da shi, in ba ya numfashi a hura masa iska ta baki, a dinga danna tsakiyar ƙirji. Ko ya farfaɗo yana wasa, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tashi da dare.