Lazimtar Abin da Bai Zama Dole Ba: Nazari a Kan Fina-finan Dogme 95

Gabatarwa

Malaman balaga suna da babin da suke kira luzumu ma la yalzam, wato mawaƙi ya ɗora wa kansa sharaɗin da ƙa'idar waƙa ba ta ɗora masa ba. Wanda ya fi shahara da shi shi ne Abul Ala'i al-Ma'arri (ya rasu 449H), wanda ya gina diwani sukutum a kan daidaita ƙafiya da haruffa biyu ko fiye, alhali harafi ɗaya ya wadatar. Wannan maƙala za ta dubi irin wannan hali a fagen shirya fim, ta hanyar wata tafiya da ta ɓulla a ƙasar Danmak, domin a ga abin da ƙaidi yake haifarwa idan mai sana'a ne ya zaɓe shi da kansa. Hukuncin fim a shari'a bahasi ne na daban, kuma ambaton waɗannan ayyuka ba ya nufin amincewa da duk abin da suka ƙunsa, domin a cikin wasunsu akwai abin da ya saɓa wa kunya.

Asalin tafiyar da sharuɗɗanta

A watan Maris na 1995, daraktoci biyu, Lars von Trier da Thomas Vinterberg, suka rubuta takardar alkawari mai sharuɗɗa goma a birnin Kopenhagen, suka raɗa wa tafiyar suna Dogme 95. Von Trier ne ya bayyana ta a Paris, a wajen taron cika shekara ɗari da fara sinima. Daga baya Kristian Levring da Søren Kragh-Jacobsen suka bi sahunsu. Kukansu shi ne kuɗi da dabarun na'ura sun mamaye sana'ar, har ado ya danne labari.

Daga cikin sharuɗɗan akwai cewa a ɗauki fim a wuri na haƙiƙa, ba tare da an gina dandali ko an kawo kayan wasa daga waje ba. A naɗi sauti tare da hoto, kada a sa kiɗa sai wanda ke tashi a wurin. A riƙe kyamara da hannu. Kada a shirya haske na musamman. Idan duhu ya yi yawa, a bar fitowar ko a ɗaura fitila ɗaya a kan kyamara. Kada a jawo hankali da kisa da makamai. Labari ya faru a nan kuma a yanzu. Na ƙarshe, kada a rubuta sunan darakta.

Fa'idojin ƙaidin

Fa'ida ta farko ita ce toshe mafakar mai rauni. Darakta yakan rufe gurguwar fitowa da kiɗa mai taushi, sai mai kallo ya ji tausayin da labarin bai haifar ba. Idan aka hana kiɗan, nauyi ya koma kan rubutu da fuskar ɗan wasa. Fim na farko na tafiyar, Festen na Vinterberg (1998), labarin iyali ne da suka taru a bikin cikar mahaifinsu shekara 60, sai ɗansa ya miƙe a gaban baƙi ya tona zaluncin da uban ya yi musu suna yara. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne shirun mutanen da ke son a ci gaba da cin abinci kamar ba a ce komai ba. Fim ɗin ya sami lambar alƙalai a bikin Cannes na wannan shekarar.

Ta biyu ita ce 'yantar da ɗan wasa. A tsarin da aka saba, yakan tsaya a inda aka saita haske, ya jira na'ura. A nan kyamara ce ke binsa, don haka motsinsa ya fi kusa da ɗabi'a.

Ta uku ita ce sauƙin kuɗi. Da ƙaramar kyamarar bidiyo aka ɗauki Festen, wannan kuwa ya ƙarfafa gwiwar masu ƙaramin jari a ƙasashe da dama, har fina-finan da aka lissafa a tafiyar suka haura talatin.

Akwai misalin da ya fi kusa da mai karatu. A fim ɗin Al-Risala (1976), Mustafa al-Aƙƙad ya lazimci kada a nuna Manzon Allah (SAW) ko a ji muryarsa. Nasa ƙaidin ya samo asali daga girmama haddin addini, amma sakamakonsa a sana'a iri ɗaya ne: dole ya isar da haibar wanda ba a gani ta fuskokin masu sauraro da ladabinsu.

Inda ƙaidi ke gazawa

Malaman balaga sun sharɗanta cewa luzumi ba ya kyau sai idan ya zo ba tare da takallufi ba, ma'ana tana jan lafazi. Haka abin yake a nan. Vinterberg da kansa ya yi iƙirarin ya rufe taga a wata fitowa, abin da ya saɓa wa sharaɗin haske. Da tafiya ta yi nisa kuma, sai masu kwaikwayo suka ɗauki girgizar kyamara a matsayin ado, suka manta dalilinta. A 2002 aka rufe ofishin da ke kula da tafiyar, bayan sharuɗɗan sun fara zama salon da ake yayi.

Kammalawa

Ƙaidin da mai sana'a ya ɗora wa kansa yana da amfani gwargwadon saninsa da cutar da yake son magancewa da shi. Waɗannan daraktoci sun gano cewa ado ya rinjayi ma'ana, sai suka haramta wa kansu adon har ma'ana ta bayyana. Wanda ya gaji sharaɗin bai gaji illarsa ba, wahala kawai ya ɗauka. Ɗalibin usulul fiƙhi ya san wannan bambanci tsakanin riƙon lafazi da fahimtar maƙasudi. Allah ne mafi sani.