Hutun Aiki a Tsibiran Binuwai

Daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da Kogin Binuwai ya janye a gefen Jimeta, tsibiran yashi kan bayyana, masunta su kafa bukkokin zana a kansu. Ma'aikacin tarayya ɗan Wuro Hausa da hayaniyar Abuja ta ishe shi zai iya yin wani ɓangare na hutunsa na shekara a can, da asuba a ja koma da shi, da yamma a kyafa kifi, babu lantarki balle takardun ofis.

Sai dai ya nemi hutun da rani. Da damina tsibiran kan nutse ɗungurungum, musamman idan Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, har ambaliya ta shiga unguwannin bakin kogi.